Kafin ya leƙo: shawara ga ƙannena masu riƙe shotgan a Call of Duty

A cikin bindigogin Call of Duty: Mobile, wasan harbi na wayar hannu, akwai masu yafiya, akwai marasa yafiya. In AK-47 ko M4 ce a hannunka, harsashin farko ya kauce, na biyu da na goma suna nan tafe a bayansa, kana iya gyara hannu wuta na fita. KRM-262 da BY15, waɗanda shotgan ne, wato bindigogin harbin kusa, ba su san wannan ba. Harbi ɗaya ne, sannan ka jira a ja hannun bindiga wani harsashin ya hau, kuma a wannan ɗan tsakanin mai riƙe da QQ9, ƙaramar bindigar feshi, ya riga ya gama da kai. Shi ya sa yara da yawa a Sakkwato suke ɗaukar shotgan da zumuɗi, su sha kashi a wasan ranki, wato wasan neman maki da matsayi, su mayar da ita ma'ajiya suna cewa hannunsu ba shi da sauri. Ƙannena, saurin hannu shi ne mafi ƙanƙantar abin da ke ciki. Mafi yawan saitin shotgan ana kammala shi tun mutum bai bayyana a allonka ba, kuma rashin sanin haka ya ci mini lokaci mai yawa.

Wasan ya fito a watan Oktoban 2019, kuma tun a farkon shigata na ɗauka matsalata tana cikin saurin juyawar kyamara, wanda muke kira sensi. Duk ƙwararren da na gani a YouTube ya nuna lambobinsa, sai na kwafe. In aka kashe ni yau in ƙara, gobe in rage. Ban lura ba cewa babban yatsa koyo yake yi ta hanyar maimaici: yana haddace cewa ja kaza a kan gilashi yana juya kyamara kaza. Duk ranar da ka sauya lambar, ka goge abin da ya haddace. Ga shi kuma wanda kake kwafa wataƙila da iPad yake wasa, allonsa ya ninka naka, jan da yake yi da yatsa ba irin naka ba ne. Ka zaɓi saurin da zai ba ka damar juyowa baya da ja ɗaya ba tare da ka ɗaga yatsa ba, ka sa shi a kan tsayayyen gudu maimakon mai ƙaruwa da ƙarfin ja, sannan ka bar shi haka na tsawon makonni, ko da kuwa ranka na raya maka ka taɓa.

Wanda ya nuna mini ainihin ciwon wani abokina ne ɗan Runjin Sambo da ya girme ni a wasan. Ya sa na ɗauki bidiyon allona a wasa guda a taswirar Crash, muka zauna muna kallo. Ina gudu zan shiga benen nan mai hawa uku, sai ya tsayar da bidiyon tun babu kowa a gabana, ya ɗora yatsa a kan ɗigon tsakiyar allo, wanda ke nuna inda bindiga ta saita. "Malam, duba nan," in ji shi. "Ƙasa kaka kallo. In mutum ya fito ta wagga ƙofa, tafiya nawa hannunka za shi yi kafin ya kai gare shi?" Ɗigon yana kan tsakuwa, taku biyu a gabana. Ya ci gaba da tsayarwa a kowace kwana, abin bai sauya ba: ko ƙasa, ko tsakiyar bango inda ba wanda zai taɓa fitowa.

Lissafin a fili yake. Ɗan Adam yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa kafin abin da ido ya gani ya zama motsin hannu. Wannan bashi ne a kan kowa, kai da abokin karawarka. Amma in ɗigonka yana ƙasa, bayan ka biya wannan sai ka sake biyan na ɗago bindiga, ka karkata ta gefe, ka tsayar da ita daidai, duk a cikin firgici. Wanda ɗigonsa ke jira a bakin ƙofa, a tsayin ƙirjin mutum, maɓalli kawai zai danna. Don haka ka mayar da shi ɗabi'a: duk inda kake tafiya, ɗigon yana kan wurin da mutum zai iya ɓullowa. Ka gama da wannan ƙofa, ya koma tagar da ke biye. Za ka hau matakala, ya riga ka hawa. Kuma kada ka manna shi a jikin gefen bango, ka ba shi ɗan tazara, domin mai fitowa a guje yake fitowa, kafin ka danna ya wuce gefen da taku guda.

Ƙirji na ce, ban ce kai ba. Masu bindigar nesa sun saba mana da cewa kai ake nema, ni ma na shigo shotgan da wannan tunanin, na yi ta asara. Harsashin shotgan ƙwayoyi ne da yawa da ke fita tare suna buɗewa, kamar ka watsa wa kaji gero: a kusa duk a wuri ɗaya yake zuba, da nisa kowace ƙwaya ta kama gabanta. Kowace ƙwaya da nata rabon ɓarnar, kuma kisa a harbi ɗaya yana bukatar mafi yawansu su shiga jiki. In ka saita kai, rabinsu ta sama da gefen kunne za su wuce. In ka saita saman ƙirji, faɗin jiki ya tare su, waɗanda suka yi sama ma su samu wuya da fuska.

Daga nan maganar nisa ta taso, kuma nan ne nake son ku fi daɗewa. Kowace shotgan tana da iyakar da take kisa a harbi ɗaya, kuma iyakar tana motsawa gwargwadon abin da ka ɗaura mata a wurin haɗa bindiga da kuma gyaran da kamfanin wasan ke yi daga lokaci zuwa lokaci. Kada ka karɓi lamba daga bakin kowa. Shiga filin atisaye da bindigarka yadda ka haɗa ta, ka tsaya dab da abin harbi, ka harba, ka ja baya taku guda, ka sake, har ka kai inda harbi ɗaya ya daina kayarwa. Ka ƙare wa girman mutum kallo a wannan nisan, yadda yake cika allo. Hoton nan shi ne ma'auninka. Ka gwada harbi daga ƙugu, ka gwada da ɗora ido a kan bindiga, za ka ga na biyun yana matse ƙwayoyin amma yana cin ɗan lokaci kafin bindiga ta hau. A cikin ɗaki ƙugu ya wadatar, a tsawon lungu ka ɗora ido.

In mutum ya fi ƙanƙanta da wannan hoton, kada ka harba. Wannan ita ce shawarar da ta fi mini wuyar bi. Ganin abokin karawa yana sa yatsa ƙaiƙayi, sai ka sakar masa wuta daga nesa, ƙwaya biyu su taɓa shi, ka sanar da shi inda kake, ɗigonka ja ya fito a ƙaramar taswirarsu, kai kuma kana tsakiyar jan hannun bindiga. Ka bar shi ya matso, ko kai ka zagaya ka matsa. Ƙafarka tana cikin kayan saiti. A taswirar Nuketown, mai shotgan ta cikin gidajen nan biyu da bayan motocin tsakiya yake rayuwa. A taswirar Crossfire, babban titin nan na masu bindigar nesa ne, naka shi ne ɗakunan da ke gefe. A Hardpoint, salon wasan da ake kokawar riƙe wuri, wurin da ake tsarewa yakan jawo mutane su zo gare ka da ƙafarsu, ka samu kwanar da dole sai sun bi, ka jira. Ko ƙaramin gyaran saiti ma, sau da yawa ya fi sauƙi ka yi shi da yatsan hagu: ka matsa gefe taku guda ɗigon ya hau kan mutum, maimakon ka fizgi kyamara da na dama ta zarce.

Akwai abu biyu ƙanana da ke kashe mutane ba su sani ba. Na farko gudu. In kana gudu bindiga a sauke take, kuma akwai ɗan jinkiri kafin ta ɗago ta yi harbi. Wanda ya sha kwana a guje ya ci karo da wanda ke tsaye, shi ne a ƙasa. Ka saki gudu kafin kwana, ko ka shiga da zamiya ɗigonka na kan inda kake zato. Na biyu tsayuwa bayan harbi. Na daɗe ina harbawa in tsaya ina kallon ko ya faɗi. Harba ka koma bayan bango, bindiga ta shirya a ɓoye, ka sake leƙowa, in da hali ba ta inda ka fito da farko ba. KRM da BY15 ɗaya bayan ɗaya ake loda musu harsashi, kuma kana iya katse lodin ka harba, saboda haka duk ɗan sararin da ka samu ka cusa ko biyu ne, kada ka jira sai ta ƙare.

Game da maɓallai, da yatsu biyu kana iya wasa, amma babban yatsan dama ba zai iya juya kyamara da harbi da zamiya a lokaci ɗaya ba. Ka ɗauke maɓallin harbi guda ka kai shi saman allo ta hagu, manuniya ta riƙa dannawa. Kwanakin farko wasanka zai lalace, ka yi su da abokan karawa na kwamfuta ko a wasan da ba na ranki ba. In ka fi son zama a yatsu biyu, akwai zaɓin da ke sa shotgan ta tashi sai lokacin da ka saki maɓalli. Kana dannawa, ka ja ɗigon ya hau ƙirji, ka saki. Ni wannan zaɓin ne ya fara koya mini jira.

Sai abin da ƙwararrun ƙasashen waje ba za su gaya muku ba, domin ba su san watan Afrilu a Sakkwato ba. Lokacin da zafi ya haura digiri 40, waya tana ɗaukar zafi da wuri, kuma in ta yi zafi da kanta take rage ƙarfin aikinta don kada ta lalace. Hotunan da take nunawa a daƙiƙa sai su ragu. A hoto 60 cikin daƙiƙa, tsakanin hoto da hoto kusan milisakan 17 ne (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya). In ya sauko 30, ya zama 33. Mai bindigar feshi zai jure wannan, mai harbi ɗaya ba zai jure ba, domin inda ya ga mutum ba nan yake ba. Na sha zargin hannuna alhali wayar ce ke ƙuna a tafina, tana jone da caji, tana cikin rigarta ta roba. Ka rage kyawun hoto zuwa mafi ƙasa, ka ɗaga yawan hotunan zuwa iyakar abin da wayar za ta iya riƙewa, ka cire mata riga, kada ka yi wasa tana caji, ka zauna inda iska ke bugawa. Gumi ma yana sa yatsa ya riƙa maƙalewa a gilashi, da hunturu kuma fata ta bushe allo ya ƙi jin ta sosai. Safar yatsa ta 'yan wasa ba ta da tsada, tana maganin duka biyun.

Sabis kuwa, ka riƙa duba lambar jinkirin da ke kusurwar allo kafin ka shiga ranki. In ta kai milisakan 100, abin da kake gani ya makara da wani ɓangare na daƙiƙa. A irin wannan yanayi tsayawa a fili kana jiran ƙofa yana cutarwa, domin mai leƙowa yakan gan ka kafin hotonsa ya iso wayarka. Gara ka laɓe inda sai ya shigo ya juyo zai gan ka, ko kai ka zama mai leƙawa. A unguwarmu sabis ya fi daidaita da sassafe da kuma can cikin dare, da yamma kuwa kowa na kan layi. Kuma wasan ranki ba a dakatar da shi, wanda ya fita a tsakiya ana rage masa maki, ya kuma bar abokansa huɗu a hannun mutum biyar. In Magariba ta gabato, kada ka fara.

Ka sa abin ji a kunnuwa biyu. Takun mutum yana gaya maka ta wace ƙofa zai fito, a ƙasa yake ko a bene, shi kaɗai ne ko su biyu, kuma da wannan ne ɗigonka zai riga shi isa wurin. Da lasifikar waya ba za ka bambance hagu da dama yadda ya kamata ba.

Wajen atisaye, taswirar Shipment tana da daɗi, amma tana ruɗi. Fili ne ƙarami, mutane na faɗowa gabanka ta ko'ina, za ka tara kisa da yawa ka ɗauka ka iya. Tana horar da yatsa, ba ta koyar da zaɓen hanya ko haƙurin jira. Ka ɗan ɗumama hannu a can, sannan ka buɗe ɗakin sirri kai da aboki ɗaya wanda ya fi ka, shotgan zalla, a taswira mai ɗakuna da lunguna irin Crash ko Firing Range. Duk lokacin da aka kashe ka, kada ka tsallake hoton da ke nuna yadda abin ya faru, ka duba daga ina ya gan ka. Bayan wasa ka buɗe bidiyon allonka, ka tsayar da shi daƙiƙa ɗaya kafin kowace arangama, ka duba inda ɗigon yake da kuma girman mutumin a allo lokacin da ka danna. In ɗigon yana wurin da ya dace, nisan ma daidai, amma ka kauce, to wannan aikin yatsa ne, maimaici zai gyara shi. In kuwa ba ya wurin, ka koma taswirar kai kaɗai, ka bi hanyar a hankali ba gudu, kana ɗora shi a kan ƙofa bayan ƙofa har ka ƙare zagayen.