Laftof ta nuna tambari da haske tas, sai sikirin ya yi duhu: kar ka yi saurin canja shi

Jama'a akwai wata matsala da take damuna sosai, saboda yadda nake ganin ana cire lafiyayyen sikirin ana saka sabo alhali ba shi ne da laifin ba. Za ka danna madannin kunna laftof, tambarin kamfanin ya fito da haskensa tas, to da zarar Windows ko Linux ya fara tashi kawai sai fuskar ta yi baƙi ƙirin, fanka na juyawa, fitilar caji na ci, wani lokacin har sautin shigowa za ka ji amma ba ka ganin komai.

Abin da ya kamata mutum ya fara sani shi ne sikirin ɗin LCD ba ya ba da haske da kansa. Hoto kawai yake zanawa, hasken kuma daga wasu ƙananan fitilun LED yake zuwa da aka jera a gefen sikirin ta ciki, tsofaffin laftof kuwa wani siririn kwan fitila ne da su mai suna CCFL da ɗan inbata ɗinsa, wato na'urar da ke ba shi wutar da yake buƙata. Saboda haka hoto yana iya kasancewa a wurin, fitilar ce kawai ta mutu. Ka ɗauki tocilar wayarka ka matso da ita dab da sikirin a karkace, in ka hango inuwar rubutu ko kibiyar linzami tana motsi to kwamfutarka lafiyarta ƙalau, haske ne babu. Wannan gwajin dai ba ya aiki a sikirin OLED don shi ba shi da fitilar baya.

Sai ka lura da daƙiƙoƙin farko na kunnawa, don a nan amsar take. A wannan lokacin BIOS, wato 'yar manhajar da ke fara tayar da laftof, shi ne ke riƙe da fitilar, daga baya sai ya miƙa ta ga direban hoto, manhajar da ke sarrafa katin hoto a Windows ko Linux. In har tambari ya fito da haske, ai fitilun suna aiki kenan, fiyus ɗinsu bai ƙone ba, kebul ɗin da ya bi ta cikin maɗaurin murfi shi ma yana kai wuta. Wajen miƙawar ne abu ya lalace. Don ka tabbatar, shiga BIOS ɗin da F2 ko F10 ko Esc, ya danganta da kamfanin, ka bar ta a wurin na 'yan mintuna kana ɗaga murfin kana saukewa a hankali. In hasken bai ɗauke ba wallahi babu dalilin da zai sa a taɓa sukuru ko ɗaya a jikin laftof ɗin nan.

Kafin komai gwada Fn tare da madannin ƙara haske, ka danna sau da yawa, akwai laftof ɗin da in haske ya kai sifili fitilar kashewa take gaba ɗaya. In kana da talabijin ko wani sikirin ka jona da HDMI don ka samu ganin abin da kake yi, in babu to tocilar nan dai ita ce idonka.

A Windows abin bai cika wahala ba. Danna Windows da Ctrl da Shift da B a tare yana sake tayar da direban hoto, za ka ji ɗan ƙara. Windows da P kuma yana gyara in kwamfutar ta ɗauka wani sikirin na waje take turawa hoto. In hakan bai yi ba shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da muhimman abubuwa kawai, a can direba mai sauƙi na Microsoft ne ke aiki shi ya sa galibi hasken ke dawowa, sai ka buɗe Device Manager ka mayar da direban hoto zuwa na baya ko ka cire shi ka saka wanda kamfanin laftof ɗin ya fitar don wannan samfurin. Ina kuma ba da shawarar a kashe Fast Startup, wanda ya zo tun Windows 8 a 2012, domin da shi kashe kwamfuta ba cikakken kashewa ba ne, yana adana yanayin direbobi ya dawo da su yadda suke, har da matsalar.

Linux ne inda aka fi cin karo da wannan, musamman bayan sabon saka shi ko bayan an sabunta kanel, wato zuciyar Linux da ke hulɗa da sassan injin. Dalili kuwa hanyoyin sarrafa fitilar sun fi ɗaya: akwai ta ACPI wadda BIOS ke bayarwa, akwai ta direban kamfanin laftof, akwai kuma ta katin hoton kansa kai tsaye, kanel sai ya zaɓi ɗaya kuma wani lokacin ya zaɓi wadda ba ta aiki a wannan injin. An ma yi wa tsarin zaɓen garambawul a kanel 6.1 da ya fito a Disamban 2022, abin ya gyara wa mutane da yawa amma wasu tsofaffin injina a nan suka fara duhu.

Ga yadda za ka yi. Lokacin kunnawa ka riƙe Shift ko ka danna Esc har jerin GRUB, wato jerin zaɓin da ke zuwa kafin Linux ya tashi, ya fito, a nan ai da sauran haske. Danna e, nemi layin da ya fara da linux, a ƙarshensa bayan quiet splash ka rubuta acpi_backlight=native sannan ka danna F10. In bai yi ba sake kunnawa ka gwada acpi_backlight=vendor, sannan acpi_backlight=video, ɗaya bayan ɗaya fa, kar ka haɗa su. Kuma kar ka ji tsoro, abin da ka rubuta a nan na tashi ɗaya ne kawai, da ka sake kunnawa ya goge. Wanda ya yi maka aiki shi za ka saka a fayil ɗin /etc/default/grub cikin layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT, sai ka buga umarnin sudo update-grub a terminal in Ubuntu ko Debian ko Mint kake.

Za ka ga mutane da yawa suna cewa a saka nomodeset a layin GRUB ɗin a huta. Eh haske zai zo, amma gaskiya ni ban yarda a bar shi dindindin ba, don abin da yake yi shi ne hana direban hoto tashi gaba ɗaya, sai ka ga rubutu ya yi ɓaro-ɓaro, bidiyo na sarƙewa, batir na saurin ƙarewa, madannan haske ma sau da yawa sun daina aiki. Ka yi amfani da shi ka shiga ciki ka yi gyara, shi kenan amfaninsa.

In ka samu shiga, leƙa foldar /sys/class/backlight ka ga me ke ciki. Za ka tarar da suna kamar intel_backlight ko amdgpu_bl0 ko acpi_video0, a cikin kowanne akwai fayil ɗin max_brightness da na brightness. Duba lambar na farkon tukuna don ba iri ɗaya ba ce a kowace na'ura, wata 15 ce wata 255 wata kuma dubbai, sai ka rubuta kamar rabinta a cikin na biyun da umarnin sudo tee a terminal. In fitila ta kama nan take ka gano wadda ke aiki kenan. Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika sani ba, systemd, manhajar da ke tayar da ayyukan Linux, yana adana matakin haske lokacin kashewa a /var/lib/systemd/backlight ya mayar da shi lokacin tashi, to in folda biyu ce a /sys/class/backlight yana iya rubuta wa wadda ba ta dace ba sai fitilar ta ɗauke daidai lokacin da ake gama tashi. Saka systemd.restore_state=0 a layin GRUB ɗin nan zai nuna maka ko shi ne. Wasu 'yan tsirarun injina masu katin Intel kuma a juye suke karanta lambar, cikakken haske ya zama duhu, su maganinsu a saka i915.invert_brightness=1 a layin GRUB ɗin.

To in tun daga tambari babu haske, BIOS ma duhu, amma tocila na nuna hoto, wannan kam ba manhaja ba ce. Ko fiyus ɗin fitila a kan bod, ko kebul ɗin sikirin ya gutsure a maɗauri, ko na'urar da ke jin maganaɗisun murfi ta ɗauka a rufe yake, ko inbata in tsohuwar laftof ce. Ko a nan ma ba lallai sikirin ba ne, ka sa mai gyara ya fara auna fiyus ɗin da mita. Kuma don Allah duk wanda zai zare kebul ɗin sikirin ya cire caja da batir tukuna, har batir na ciki, domin layin fitilar yana ɗauke da wuta ko da laftof ɗin a kashe take, taɓawa ɗaya a karkace ya isa ya ƙona fiyus ɗin da lafiyarsa ƙalau.