Wata na huɗu: janaretan maƙwabcina ya shiga kiɗan

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da warhaka. Yau wata huɗu cif da na fara zama gaban FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, bayan isha'i, a ɗakina a Agege, ina koyon haɗa kiɗan nan mai sanyi da duhu da ake kira trip-hop.

Ciwon da na daɗe ina fama da shi shi ne cikawa. Kunnena ya saba da kiɗan Legas, wanda ganga ke bin ganga ba hutu, don haka da na ji gurbi sai hannuna ya cusa masa wani sauti. Sai na ajiye komai na yi mako biyu ina saurare kawai. A Biristol ta Ingila kiɗan ya tashi, cikin matasan da suka girma kusa da manyan lasifikun 'yan Jamaika da kiɗansu na dub, inda ake zare murya a bar bes, wato sautin ƙasa mai kauri, da amsa-kuwwa su yi magana. Na sa faifan Massive Attack na 1998 da na Portishead na 1994, ƙungiyoyin makaɗa biyu na Biristol, na ɗauki biro ina ƙirga kayan da ke kaɗawa a lokaci guda. A wurare da dama ba su wuce yatsun hannu ɗaya ba. Nawa kuwa goma sha bakwai! Na sauko da gudun daga bugu 104 a minti zuwa 78, na goge fiye da rabi.

Abin da ya fi faranta min rai kuwa, daren Laraba ya faru. An ɗauke wuta, maƙwabcina ya tayar da ƙaramin janaretansa, wanda kullum yake ɓata min naɗi. Maimakon in rufe taga, sai na miƙa wayata ta tsakanin ƙarafan, na naɗi minti uku. Da na zuba shi a kwamfuta, na tace duk ƙarar sama na bar gurnanin ƙasa, wani sauti mai nauyi ya fito, kamar hadari na haɗowa daga nesa. Wutarmu a Najeriya tana juyi 50 a daƙiƙa, injin kuma a kan wannan yake gudu, shi ya sa gurnanin ya faɗo daf da muryar kiɗa da ake kira G, ta can ƙasa, mai juyi 49. Na ɗan sassauto shi kaɗan, na gina bes ɗina a kansa. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Na daɗe zaune cikin duhu, gumi na bin bayana, ban iya kashe shi ba.

Washegari na ƙara masa ruwan sama a kan kwano, da hon ɗin jirgin ƙasa da ke ratsa unguwarmu, na ja shi ya yi tsawo. Brian Eno, makaɗin Ingila, da ya fitar da faifansa na filin jirgin sama, kiɗan da zai zauna da wuri yake nema, ba wanda zai danne shi ba. Sai yanzu na gane hakan da kunnena.

Saura aiki. Gangata har yanzu a tsaye take ƙyam kamar soja, ina so in jinkirta bugun kaɗan da hannu ya yi ɗan jan ƙafa. Kuma bes ɗin da ke cika min kunne a iyafis yana ɓacewa a lasifikar waya. Duk wanda ya shawo kan wannan a cikinku, don Allah ya nuna min hanya.

Akwai wani dattijo mai goge da nake gani wajen kasuwa. Na gaishe shi na ce, "Baba, ko za ka ja min tsirkiya ɗaya tak, a hankali, in naɗa?" Ya dube ni ya ce in dawo ranar Asabar bayan la'asar.