Farar ƙurar gareji ba irin ta hunturu ba ce

Wanda ya tashi a Damagaram ba a ba shi tsoro da ƙura. Daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, wata shekarar har Maris, hazo ne ke rufe gari, duwatsun Birni ma sai ka matso kake ganinsu. Ka share ɗaki da safe, kafin azahar kana iya rubuta sunanka a kan tebur. Masana sun ce yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iskar arewa maso gabas ke kwaso ta. Shi ya sa duk ranar da na ɗauko zancen ƙurar guga a cikin 'yan'uwana masu gyaran jikin mota, dariya suke fara yi. "Kai da ke kwana cikin hunturu, ƙurar mastik ce za ta dame ka?" Ni ma a da haka nake cewa.

Garejina ƙarami ne, a bakin gari wajen hanyar Tanut. Ba ma taɓa inji. Aikinmu jiki ne da fenti, abin da a nan ake kira tolari. Ni da yara shida. Hilux da Land Cruiser da suka sha duwatsun hanyar Agadas, Hiace masu jigilar Kano da Maraɗi, ƙananan Corolla na cikin gari, jefi-jefi kuma tsohuwar 504 da mai ita ya rantse ba zai rabu da ita ba. Mota ta zo a lotse, mu buge ƙarfen ya miƙe, mu yi walda inda ya yage, mu kankare tsohon fenti, mu shafa mastik, wato abin cike gurbin lotsa, mu goge, mu fesa apare, wato shafin farko da ke riƙe fenti, mu sake gogewa, sannan fenti, sannan barni mai ƙyalli. Mai mota fesawar kawai yake gani a matsayin aiki. Amma in ka lissafa awowin da muke yi a kan mota ɗaya, guga ce ke cinye mafi yawansu. Muna farawa da takardar guga mai kaushi, lamba 80, mu haura 120, 180, a kan apare mu kai 400 ko sama. Duk yadda lambar ta ƙaru, haka takardar ke ƙara laushi, haka ƙurar da take fitarwa ke ƙara zama gari.

Mastik kuwa roba ce ta foliyesta da aka cakuɗa da garin wani dutse mai santsi, irin wanda ake yin hodar jarirai da shi. Ana ɗiga masa ɗan maganin daskarewa, kamar kashi 2 cikin 100, kafin ka ankara ya yi tauri, balle a zafin Afrilu. In aka ɗora masa injin guga, abin da ke tashi farin gari ne mara nauyi. Yashin da iska ke watsa maka a ido faɗuwa yake yi nan da nan. Wannan rataye yake a sama, yana jiran inda zai sauka.

Ba lafiya ce ta fara sa ni kula ba, kar in yi ƙarya. Kuɗi ne. Wani Alhaji ya kawo mini baƙar mota, kuma duk mai fenti ya san baƙi ba ya rufa wa kowa asiri. Muka fesa barni da la'asar sakaliya, muka ja ƙofa. Da safe na buɗe na tarar da kan motar kamar an barbaɗa mata tsakin gero. Na fara zagin iska, sai na tuna ai damina muke, jiya ma an yi ruwa, ƙasa a jiƙe take. Na kankaro ƙwaya ɗaya da farce na duba a rana. Fara ce fat. Na kira babban yarona.

"Wa ya yi guga jiya bayan mun fesa?"

"Maigida, ba guga aka yi ba. Na dai hure Hiace ɗin nan da iskar kwamfaresa don mu same ta tsaf da safe."

Yaron kirki ne, taimako ya so yi. Alhaji ya zo ya shafa kan motarsa, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, haka muka yi da kai?" Na ce masa ya yi haƙuri ya ba ni kwana 3. Barni, diliyan na tsinka fenti, takarda, ladan aiki, duk daga aljihuna suka fita. Tun ranar na hana hure mota da iska a cikin rumfa. Hurewa ba ta kawar da ƙura, wuri kawai take sauya mata, daga jikin mota zuwa sama, daga sama zuwa hancinka da sabon fentinka.

Zancen lafiya daga baya ya zo, lokacin da na je gaida maigidana da ya koya mini sana'a. Mutum ne da a da yake ɗaga ƙofar mota da hannu ɗaya. Na same shi a zaure, daga nan zuwa masallacin unguwa sai ya tsaya ya huta. Bai taɓa shan taba ba. Na ce, "Baba, wannan tarin fa?" Ya ce, "Tsufa ne, yaro." Ban yi masa gardama ba, amma na tuna yadda muke tashi aiki a wurinsa, gira fara, gashi fari kamar masu injin niƙa, mu face hanci farin abu ya fito, mu yi dariya. Shi ne kuma ya koya mana shan madara bayan aiki, wai tana wanke ƙirji. Har yau rabin garejin garin nan sun yarda da haka. Wani likita da na gyara wa mota ne ya warware mini da magana ɗaya: madara ciki take tafiya, ƙura huhu take tafiya, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ya ce kaurin gashin kai wajen maikiron 70 ne, ƙurar da ba ta kai maikiron 10 ba tana wuce gashin hanci, wadda ta fi ta ƙanƙanta kuma sai can ƙasan huhu, inda tari ba ya iya fito da ita. Wadda kake gani tana tashi a hasken rana ita ce mai dama-dama. Ban hana yarana madara ba, abinci ce. Na dai daina kiranta magani.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsohon fenti. Wasu fentin da, musamman ruwan ɗorawa da ja da ruwan goro na manyan motoci, akwai dalma a ciki, wasu har da sinadarin kuromiyam. Mota ta yi shekara 30 tana yawo, an fente ta sau nawa, a ina, da me, ba mai gaya maka. In ka kankare, duk tarihin nan ne kake shaƙa. Kowa a yankin nan ya ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara wajen 400. Ba rami yaran suka shiga ba. Dutsen zinariya ake niƙawa a cikin gidaje, ƙura ta zauna a tsakar gida da tufafi, yara na rarrafe suna kai hannu baki. Namu bai kai wannan ba ko kusa, amma hanyar ɗaya ce, kuma ni ina da na goye a gida. Da can da kayan aiki nake komawa, autana ta taro ni ta rungume ƙafata. Yanzu kayan aiki a gareji suke kwana, a gareji ake wanke su, kuma ba mai cin abinci ko shan shayi a ƙarƙashin rumfar guga. Wannan dokar ta shayi ita ta fi ba ni wahala, don tukunyar a nan ta saba zama.

Gyaran da na fara yi ba su ci kuɗi ba. Na raba wurin guga da wurin fesa da katangar bulo, na kuma kula da iska: da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina ta juyo daga kudu maso yamma, don haka ba a jere da iska na ajiye su ba, gefe da gefe suke. Na hana sharar busasshiyar ƙasa, sai an yayyafa ruwa. Ranar fesa ba a guga, ko da mai mota yana tsaye yana kaɗa makulli. Kafin fenti a goge jiki da tsumma mai danƙo, a yayyafa wa daɓe ruwa, mai fesa ya sauya riga.

Wani zai ce to a yi ta guga da ruwa mana, ƙura ta mutu. Haka ne, a kan apare da barni muna yi, da takarda 800 zuwa 2000, ƙurar ta zama kunu ta gangara. Sai dai abu biyu. Mastik yana shan ruwa kamar soso. Ka goge shi da ruwa ka rufe da fenti, bayan 'yan watanni fentin ya yi ƙuraje, tsatsa ta taso daga ƙasa, mai mota ya dawo da fushinsa. Na biyu, nan Damagaram ne. Garin a kan dutse yake zaune, ruwanmu daga nesa ake jawo shi, wajen Gogo da Arunguza, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake faɗa na mayar da babban birni Yamai a 1926. In bazara ta yi, famfo ya yi shiru, bido-bido muke saye wajen 'yan garuwa. Ba zan iya malalar da ruwan da maƙwabta ke layi a kansa ba. Bokiti ɗaya da soso da kwalbar fesawa, shi ke nan rabon mota guda. Kunun da ya gangara kuma dole a kwashe shi yana da danshi, in ya bushe ƙura ce ta dawo.

Maganin gaske dai shi ne a kama ƙurar a bakin inji, tun ba ta tashi ba. Na sayo injin guga a Kano, irin mai zagaye da ramuka a tafinsa, da takarda mai ramuka daidai da nasa, da tiyo da ke haɗa shi da injin zuƙe ƙura. Akwai wata takarda kamar raga da kamfanin Mirka ke yi, ita ko'ina rami ne, sai dai tsada da wuyar samu. Ranar farko na ga abin mamaki: an goge ƙofa guda, hannun yaro bai yi fari ba. Takarda ma ta fi daɗewa, don ba ta toshewa. Amma kafin sati ya zagayo matatar injin ta cushe, ƙarfinsa ya mutu. Sai muka yi dabara da tano, wato duro mai murfi. Tiyon da ke zuwa daga guga muka shigar ta gefen tanon a karkace, na injin zuƙa muka fitar ta tsakiyar murfi. Iska na shiga ta yi ta juyawa kamar guguwa, mai nauyin ta faɗa ƙasa, 'yar kaɗan ce ke isa matata. Wadda ke isa ɗin kuwa ita ce mafi laushi, kuma injin gida mai matata mara kyau ta baya yake sake feso ta. Shi ya sa na huda katanga na ajiye injin a waje, ta ɓangaren da ba gida. Masu hali suna sayen mai matatar HEPA, wadda ke tare kusan duka. Ban kai nan ba tukuna.

Duk wannan sai da kuran. Lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agustan 2023, mun koma guga da hannu a kan katako, don ɗan gurup ɗina, wato janareta, ba ya ɗaukar kwamfaresa da injin zuƙa lokaci ɗaya. Aiki ya yi jinkiri, amma na lura ƙurar hannu ba ta nisa, kusa take zuba. Mafi muni shi ne injin guga yana gudu babu mai zuƙa.

Saura takunkumi. Rawani ko ƙyalle da yara ke naɗawa yana tare yashi, ba ya tare wannan. Shuɗin nan na likita da ya cika gari lokacin korona gefensa a buɗe yake. Wanda ake nema shi ne mai rubutun FFP2, da ke tare kashi 94 cikin 100, ko FFP3 mai tare 99, amma fa sai ya manne da fuska. Nan gemu ya shigo. Biyu cikin yarana masu gemu ne, ni ma haka, kuma ba zan ce wa ɗan Musulmi ya aske gemunsa don mastik ba. Abin da na yi, na ba su aikin da ake yi da injin zuƙa ko da ruwa, kankarar tsohon fenti kuma na bar wa waɗanda takunkumi ke kama fuskarsu. Da azumi a cikin zafi, kowa so yake ya sauke shi ƙasan haɓa, don haka guga mai nauyi da sassafe muke yin ta. Kada kuma wani ya ɗauka takunkumin ƙura zai kare shi wajen fesa barni mai haɗi biyu. Wannan tururi ne mai sa asma, kariyarsa daban ce.

Abin da har yau ban gama warwarewa ba shi ne inda zan kai abin da tanon ya tara. Duk Alhamis da yamma muke buɗe shi, mu yayyafa ruwa, mu juye a buhun siminti mu ɗaure. Ba na zubarwa a bola, don nan awaki ke kiwo, nan yaran unguwa ke tonon gwangwani. Na gwada cakuɗa shi da siminti na zuba daɓen bayan rumfa, ya kama, ko da yake bai yi ƙarfin kirki ba. Buhu 4 ne yanzu a jingine a lungu, babban yarona kuma yana ta tambayata ko mu buga bulo da su mu ƙara wa katangar tsayi.