Rediyon Baba da ƙafar keke

Asabar, bayan sallar isha'i.

Tun da asuba rediyon Baba ya ƙi tashi. Na sauya batir, na bubbuga shi, shiru. Gidan nan kuwa in Baba bai ji labaran safe ba, kowa sai ya ji a jikinsa. Da hantsi na kai wa mai gyara a bakin kasuwa, autarmu tana biye da ni.

Muna zaune a benci ta jefo min tambaya: "Yaya, wai rediyo Hausa ce?" Na ce aro muka yi daga Ingilishi, su ma Turawan aro suka yi. Tushen kalmar Latin ne, radius, sunan siraran ƙarafan nan da ke tashi daga tsakiyar ƙafar keken doki zuwa bakinta. Da shi kuma suke kiran hasken rana idan ya ratso kamar zare. Na nuna mata ƙafar wani keke da aka jingine a gefe: cibiya ɗaya, ƙarafa sun bazu ko'ina. Haka tasha take watsa magana. Wani masanin Faransa, Édouard Branly, ya liƙa kalmar a sunan na'urarsa ta gano saƙon da ke tafe a iska ba waya tun a shekarun 1890, kafin a fara jin muryar kowa a akwati.

Mai gyara ya ce waya ce guda ta tsinke a ciki. Ya ɗana mata dalma, ya karɓi kuɗin da a ganina ya yi yawa.

Da na kawo wa Baba labarin, sai ya yi dariya. Ya ce Turawan Ingila na zamaninsu wayalis suke cewa, wato marar waya, alhali akwatin da ya fara saurara a Kano yana yaro da waya aka jawo shi, an kafe a bango, tasha ɗaya tal, ba a murɗawa. Sashen Hausa na BBC ma sai a 1957 ya fara.

Auta ta ɗaga salularta ta ce, "To Baba, wannan fa da ba ta da igiya ko ɗaya, me ya sa muke ce mata waya?"

Baba ya ce ta rufa masa baki, an fara labaran dare. Ya ja eriya, ya kara akwatin a kunne.