Daga najil zuwa harid: abin da mai sayen kifi a Jidda ya kamata ya sani

Sana'armu ba ta da wuyar bayani. Da asuba a je Bangala, babbar kasuwar kifi ta Jidda, a tsaya gwanjo, wanda a nan ake kira haraj. Dillali ya ɗaga shikka, wato kifayen da aka tsire a igiya ɗaya, a taya, a sallama. Daga nan sai kankare ɓawo, fasa ciki, jerawa cikin ƙanƙara, a kai wa gidajen abinci da mata masu suya kafin rana ta take. Mai ƙaramin shago irin namu ba ya shiga teku, amma abin da ya yarda ya saya shi masunci zai koma ya nemo gobe. Saboda haka ya kamata mu san abin da cinikinmu yake yi a ƙarƙashin ruwa.

A fara da najil, sarkin tsada a Bahar Maliya. Shi da ɗan'uwansa taradi da yawancin dangin hamur, wato kifayen kogon dutse masu faɗin baki da ke cin wasu kifaye, suna fara rayuwa ne a matsayin mata, sai sun girma wasunsu su rikiɗe su zama maza. Ke nan babban najil ɗin da kowa ke rububinsa a haraj sau da yawa namiji ne, ko kuma tsohuwar uwa mai ƙwai da yawa, domin babbar uwa ɗaya ta fi tarin ƙanana zuba ƙwai ko da nauyinsu ya zo ɗaya. Idan aka tsince manyan, sai a bar mata ƙanana ba isassun mazan da za su ba ƙwan rai. Ga kuma ɗabi'arsu ta taruwa a wurare sanannu a bakin duwatsun murjani lokacin haihuwa, galibi a duhun wata. Kifin da a sauran shekara yake warwatse, a 'yan kwanakin nan jirgi ɗaya zai iya kwashe shi da ƙugiya kawai. Wannan ne dalilin da ma'aikatar muhalli da ruwa da noma ta Saudiyya take hana kamun najil da taradi a watannin Afrilu da Mayu. Wanda ya kawo maka sabon najil a wannan lokaci da araha, kada ka karɓa. In ka fasa cikin irinsa za ka tarar da jakunkuna biyu cike da ƙwai, kifin shekaru masu zuwa ne a hannunka.

Najil ba shi kaɗai yake farauta ba. A nan Bahar Maliya, a gaɓar Masar, masu bincike suka ga yadda yake zuwa bakin ramin shaga, dogon kifin nan mai kama da gaiwa, ya tsaya gabanta yana kaɗa kai da sauri har ta fito su tafi tare. In abin farauta ya shige kogon dutse, shaga ta bi shi ciki. In ya fito fili, najil na jira. Kowannensu ya fi samu idan suna tare. Wanda ya cire najil daga wuri ya raba shaga da abokin aiki, ko da bai taɓa ta ba.

A 2017 masana daga jami'ar KAUST da ke Suwal, arewa da Jidda, suka kwatanta duwatsun murjanin ɓangarenmu da na Sudan, waɗanda ruwa ɗaya ne da yanayi ɗaya. Nauyin manyan mafarauta, irin su girsh, wato kifin shak, da manyan hamur da bayad, a ɓangaren Sudan ya kusa ninka namu sau uku. Bambancin daga yawan kamu yake. Girsh ma, duk da an haramta kamunsa a Saudiyya tun 2008, ba ya saurin farfaɗowa, domin yana daɗewa bai balaga ba kuma 'ya'ya kaɗan yake haifa.

To ga inda muke da hannu dumu-dumu. Idan najil ya yi tsada, mai gidan abinci zai ce a kawo sha'ur, wani kifi mai cin nama da bai kai najil tsada ba. Sha'ur ya yi ƙaranci, a koma harid da sijan da abu garn. A takardar ciniki canjin suna ne kawai, amma a teku an sauka ne daga masu cin nama zuwa masu kiwo. Harid, mai baki kamar na aku, wuni yake yana kankare gansakuka daga jikin dutse, yana haɗiya har da ɓarɓashin dutsen yana fitar da shi farin yashi. Inda ya kankare, nan 'ya'yan murjani ke samun wurin kamawa su tsiro. Sijan da abu garn kuma su ke cin doguwar ciyawar ruwa da ta riga ta yi ganye, wadda harid ba ya damuwa da ita. Aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma wani ba ya maye gurbin wani. Manyan harid su ne masu haƙa da zurfi. Goma ƙanana ba za su yi aikin babba ɗaya ba. Shi kuwa babban shi ya fi sauƙin samu, domin da dare yana kwance ne a cikin ramin dutse, mai fitila da mashi zai ɗauke shi kamar ya tsinci kaya. Harid ba baƙo ba ne a tukunyar mutanen gaɓa, ga bikinsa nan da ake yi kowace shekara a tsibirin Farasan. Cin sa na al'ada daban, mayar da shi madadin najil a kowace rana daban.

Abin da ke biyo baya an riga an gan shi a Jamaika. Can an daɗe ana kwashe kifaye masu kiwo, amma murjani bai nuna alama ba, saboda bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi ta ɗauki aikin cin gansakukar. A 1983 cuta ta faɗa wa bushiyar ta kusa ƙarar da ita. Babu kifin da zai karɓi aikin, ciyawa ta rufe ko'ina, murjanin da ya rufe kusan rabin dutse ya dawo ƙasa da kashi 5 cikin 100. Abin da ya sa wannan labari ya shafe mu shi ne, tun ƙarshen 2022 irin wannan bushiya ta soma mutuwa da yawa a Bahar Maliya, daga mashigin Akaba abin ya yi kudu. Idan mai gadi na biyu ya kwanta ciwo, ba lokacin sayar da na farko ba ne.

Tarabani, ƙaton kifin nan mai ƙusumbi a goshi, shi ma ba na saye ba ne. Yana kaiwa shekara 30, sai ya yi biyar ko fiye kafin ya fara haihuwa, kuma yana cikin 'yan kifayen da ke cin tauraron teku mai ƙaya wanda ke cinye murjani. Tun 2004 aka sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa. Ribar guda ɗaya ba ta kai a ajiye shi a tire ba.

Kada kuma a ɗauka da an daina kamu kifi zai dawo. Kanada ta rufe kamun kifin kod a gaɓar Niyufanlan a 1992, mutane wajen 30,000 suka rasa aiki, kuma sai 2024 aka sake buɗewa, shi ma da ƙaramin kaso. Da babban kifin ya tafi, jatan lande da ƙaguwa da ƙananan kifayen da yake ci suka yawaita, wasu ƙananan kuma su ke cin ƙwansa da 'ya'yansa. Abinci ya koma yana cin mai cinsa.

Abin da ke hannun mai shago ba shi da yawa, amma yana da tasiri. Ma'aunin da ya dace a riƙe shi ne kada a sayi najil ko hamur da bai kai taƙi biyu ba, ko da mai gidan abinci ya ce shi ne daidai faranti. Mafi yawan irin wannan bai taɓa haihuwa ba. A karkata masu saye zuwa kifin sarari irin su dirak da baga, da kifin gona da ake kiwo a keji. A gaya wa masuntan da ake hulɗa da su cewa jefa ƙaramin hamur cikin ruwa ba shi ne sakinsa ba. Kifin da aka jawo daga zurfin mita 30, iskar da ke cikin jakar iskarsa tana iya kumbura har ninki huɗu, ciki ya turo ta baki, idanu su firfito, ya yi ta yawo a sama har tsuntsu ya ɗauke. Sai an maƙala shi a ƙugiya marar ƙaya da dalma mai nauyi, a mayar da shi zurfi, a fizge igiyar.

Gurar waya, wadda masunta ke kira sakhawi, in igiyarta ta tsinke ba ta daina kamu: na ciki ya mutu ya zama koto ga na waje, wata da watanni. Maganinsa a ɗaure ƙofarta da zaren auduga mai ruɓewa maimakon nailan. Sai ƙanƙara. A zafin Jidda kilo ɗaya na kifi yana buƙatar kilo ɗaya na niƙaƙƙiyar ƙanƙara, a shimfiɗa a ƙasa, a jera kifi ciki na kallon ƙasa, a rufe, a bar ramin akwatin a buɗe ruwan narkewa ya tsiyaye. Duk akwatin da ya lalace a hanya, gobe sai an sake ciro wani daga teku a cike odar da aka riga aka karɓa.