Tabaraun Umar Mukhtar

A shekarata ta uku da fara koyar da tarihi a sakandare na ƙirƙiro wata dabara da na ɗauka babu kamarta. Mun iso kan mulkin mallaka a Arewacin Afirka, yara kuwa sun riga sun ƙoshi da jerin shekaru da sunayen gwamnoni, ana cikin darasi sai ka ga rabin aji na gyangyaɗi. Na aro majigi, na sayi man janareta da kuɗin aljihuna, wata Asabar muka toshe tagogi da kwalaye na saka musu fim ɗin Umar Mukhtar, jagoran mutanen Libiya a yaƙinsu da Italiya, fim ɗin da masu shi suka raɗa wa suna Lion of the Desert. Kusan awa uku ko tari babu wanda ya yi. Da aka zo wajen rataya, wata yarinya a layin gaba ta ja hijabi ta rufe fuska. Na koma gida ina ta yaba wa kaina.

Bayan mako biyu na ba su gwaji, na ce kowa ya rubuta abin da ya sani game da ƙarshen mutumin. Kaɗan ne suka tuna 1931. Suluƙ, sansanin da Italiyawa suka rataye shi a gaban dubban mutanen da suke tsare da su, ko mutum ɗaya bai ambata ba. Amma fiye da rabin ajin sun rubuta cewa bayan an rataye shi wani ƙaramin yaro ya sunkuya ya ɗauki tabaraunsa, wani ma har da zanen tabaraun a gefen takarda. Yaron nan kuwa ado ne na mai shirya fim, ban taɓa cin karo da shi a littafin tarihi ba. Na riƙe jan biro na rasa inda zan ɗora shi, don ni na kai su rafin, ba zan kuma tuhume su da jiƙa ƙafa ba.

Ni ma ban fi su ba. Ina yaro muka kalli wannan fim a kaset a falon wani maƙwabcinmu, kuma na daɗe ina ɗauka tsohon nan Balarabe ne, tunda shi ne dai ya fito a matsayin Sayyidina Hamza a The Message na 1976. Sai da na girma na san sunansa Anthony Quinn, an haife shi a Meziko a 1915, ya tashi a Amurka, kuma darakta ɗaya ne ya sa shi a finafinan biyu, Mustafa Akkad mutumin Halab ta Siriya. Har yau in aka ce Umar Mukhtar na rufe ido, fuskar Quinn ce ke fara zuwa mini, ta ainihin sai na nemo ta.

Don in gyara ɓarnata, na buga hoton gaskiya na kawo aji. Shi ne wanda aka ɗauka bayan kama shi a watan Satumba na 1931, dattijo lulluɓe da farin mayafi, an ɗaure shi da sarƙa, Italiyawa sun kewaye shi suna kallon kyamara. Irinsa Gaddafi ya maƙala a ƙirjin kakinsa ranar da ya sauka a Rum a 2009. Hoton ya zaga hannu zuwa hannu, aji ya yi tsit. Can wani yaro daga baya ya ɗaga hannu.

"Malam, wannan ai bai yi kama da shi ba."

Aka fashe da dariya, har da ni. Amma a hanyar gida maganar ta ƙi barina. Yaron iyakar gaskiyarsa ya faɗa: a wurinsa ɗan wasan ne na asali, mai sarƙar kuwa wani ne da ya gaza kamo shi.

Daga nan na koma kallon fim ɗin ni kaɗai, da littafi a gefe, ina tsayar da shi ina tambayar kaina daga ina aka samo wannan. Gangar jikin labarin tana da tushe. Italiya ta shiga Libiya a 1911, mutumin ya shafe kusan shekara 20 yana yaƙarta. Janar Graziani ya kwashe mazauna duwatsun Jabal Akhdar ya zuba su a sansanoni don mayaƙa su rasa mai ba su abinci, ya kuma ja waya mai ƙaya ta kusan kilomita 270 a kan iyakar Masar don toshe hanyar makamai. An kama Umar ranar 11 ga Satumba, aka yi masa shari'ar jeka-na-yi-ka a Bengazi, ranar 16 aka rataye shi. Duk wannan yana rubuce.

Abin da ya sa yarinyar nan rufe fuska kuwa daga hannun Quinn ya fito. Mai neman burgewa da ya fito da jarumi mai tsawa da zare ido. Shi sai ya kama wani zare guda daga rayuwar mutumin, wato malamin Alƙur'ani ne kafin ya zama kwamanda, ya saƙa komai a kai. Dubi farkon fitowarsa, zaune da yara yana yi musu bayanin mizani a Suratur Rahman. Murya ƙasa-ƙasa, tafiya a hankali irin ta wanda gwiwa ta fara ba shi matsala, da yadda yake ɗaukar lokaci yana maƙala tabarau a kunne kafin ya dubi takarda, ko da janar ne ke jiransa. Ko a wurin da ya hana yaransa kashe fursuna, da harshen malami ya tsawatar, bai ɗaga murya ba. A ganina zaɓin ya yi kyau, ya ma fi dacewa da dattijon da ya haura saba'in. Amma sunansa zaɓi, kuma wani ɗan wasan da ya kama wani zaren daban da wani Umar ɗin muke ɗauke da shi a ka yau.

Akwai kuma wanda ya biya kuɗin kiɗan. Gwamnatin Gaddafi ce ta zuba wajen dala miliyan 35 a fim ɗin. Umar Mukhtar ɗan ɗariƙar Sanusiyya ne, a Jagbub ya yi karatu, kuma da sunan shugabanta Idris yake jagorantar yaƙin bayan Idris ya koma Masar. Wannan Idris ɗin ne ya zama sarkin Libiya, shi Gaddafi ya hamɓarar a 1969. Da wuya mai kallo ya tsinci wannan alaƙa a fim ɗin. Italiya ita ma ta san ƙarfin abin, shi ya sa ta hana nuna shi a ƙasarta shekara da shekaru, sai a 2009 aka saka shi a talabijin. Da na gaya wa yara haka, wata ta ce, "To Malam, ƙarya ce ke nan?" Na ce mata a'a, labari ne da mai shi ya zaɓi inda zai haska fitila.

Na riƙa kawo musu wasu misalan a taƙaice. Shugaban Amurka Lincoln ya mutu a 1865, kafin a ƙera na'urar da ke ɗaukar murya ta maimaita ta, don haka siririyar muryar da Daniel Day-Lewis ya ba shi a fim ɗin 2012 daga bayanin mutanen zamaninsa ya haɗo ta, alhali jama'a sun saba zaton shugaba sai da murya mai kauri. Forest Whitaker, da zai fito a matsayin Idi Amin a fim ɗin The Last King of Scotland, ya je Yuganda, ya koyi Suwahili, ya zauna da waɗanda suka san mutumin, ya ci Oscar a 2007, amma likitan nan Bature da labarin ya rataya a wuyansa ƙirƙirarre ne daga littafin ƙagaggen labari. Da suka tambaye ni Sarauniya Amina, na ce nan ma aikin ya fi yawa, don ko hoton da suke gani a bangon littafi tunanin mai zane ne na zamaninmu.

Ban daina nuna fim a aji ba, sai dai yanzu kafin a kunna janareta nakan raba allo gida biyu da alli, abin da aka samo a dama, abin da aka ƙaro a hagu, su da kansu suke cikewa, gardama har ta wuce lokacin tashi.

A ƙarshen wannan shekarar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta ta ce za ta yi Umar Mukhtar, kuma yaron nan na layin baya aka ba. Ya aro tabarauna, aka yi masa gemu da auduga, aka yafa masa zanen gado fari. Na zauna ina jira in ga Quinn na biyu. Sai ga shi ya shigo yana ɗan jan ƙafar hagu, ya zauna ya tanƙwashe ta, ya tura tabarau can ƙarshen hanci yana leƙen yara ta samansa, kafin ya yi magana sai ya yi gyaran murya sau biyu. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a fim. Da aka tashi yana cire audugar na tambaye shi inda ya samo su.

"Wajen kakana, Malam. Alaramma ne, haka yake yi in zai biya mana."