Bishiyar da ta faɗa kogi

Shekara uku ke nan ina bibiyar wata bishiya da ta faɗa cikin kogin da nake yawan zuwa. Ruwa ne ya yi ta cin ƙasar gindinta har wata rana ta kife. Ranar da na fara ganinta na ce a raina, gara a sare ta a kwashe, ta tare hanya. Yau in na ji wani ya faɗi haka, sai in ji ba daɗi.

Saiwoyinta ne suka hana ruwa tafiya da ita. Sun kafe cikin yashi, jikin kuma ya miƙe ya bi inda ruwa ya nufa. Duk lokacin da kogi ya cika, abin da ya kwaso sai ya maƙale a nan: rassa, ƙirare, ganyaye, har da wani gungume da mutum biyu ba za su ɗaga ba. Ruwan da ya ci karo da tarin sai ya kurɗa ta ƙasa da gefe, ya haƙa rami mai zurfi, kuma nan ne kifi ke fakewa yanzu. A bayan tarin kuwa ruwa ya lafa, yashi da laka suka kwanta. Bara ciyawa na gani a wurin, bana har da 'yan itatuwa sun tsiro. Ina ji ina gani kogin ya rabu gida biyu, tsibiri na fitowa a tsakiya.

Wannan ƙarami ne in aka kwatanta da abin da ya faru a kogin Red River na jihar Luwiziyana a Amurka. Gumagumai sun taru a can shekaru aru-aru har suka toshe fiye da kilomita 200 na kogin, ruwa ya koma baya ya haifar da tafkuna. A 1833 Henry Shreve ya fara fasa tarin da jiragen ruwa don a samu hanyar fatauci, ya gama a 1838, kuma sunansa birnin Shreveport ya ci. Bayan 'yan shekaru itacen ya sake taruwa, sai a 1873 aka tarwatsa shi da nakiya. Jirage sun samu hanya, amma tafkuna da dama sun janye, kogin kuma ya shiga cin ƙasansa. A Ostireliya ma an daɗe ana tsame itace daga kogin Murray. Yanzu kuɗi ake kashewa ana mayar da shi, saboda kifin ya rasa mafaka.

Ban ce babu haɗari ba. A ambaliyar Yulin 2021 a kwarin Ahr na Jamus, itace da tarkace sun toshe ƙarƙashin gadoji, ruwa ya taru ya ƙara ɓarna. Inda akwai gada ko gidaje kusa, a cire, ba ni da ja. Abin da ke damuna shi ne a bi kogi tun daga sama ana share shi kamar tsakar gida.

Makon jiya na koma. Ɓawon bishiyar ya gama saɓulewa, jikinta ya yi fari, kuma wani sabon reshe ya maƙale a saiwar hagu. Na zura sanda a ramin nan, ba ta taɓa ƙasa ba.